Ninkin Takardar Ƙuri'a

Ga misali ga duk wanda za a danƙa wa amanar akwatin zaɓe. An yi wata dattijuwa, tsohuwar shugabar makaranta, wadda ta shekara talatin tana aiki ba a taɓa jingina sunanta da abin kunya ba. Saboda wannan shaida aka naɗa ta shugabar rumfar zaɓen unguwarsu, aka kira ta bita ta kwana uku. Kwana biyu ta zauna tana saurare. A rana ta uku mai koyarwa ya ɗaga takarda ya ce yau ninki za a koya. Abin ya sosa mata rai: ita da ta koya wa rabin garin nan riƙon alƙalami, ita za a zaunar a nuna wa ninke takarda? Ta gyara mayafinta ta fice.

Ranar zaɓe duk wanda ya karɓi ƙuri'a sai ta umarce shi, in ya dangwala, ya ninke ta a kwance kamar wasiƙa, ya danne da kyau. Da la'asar aka zazzage akwati a gaban wakilan jam'iyyu. Ta buɗe ƙuri'a ta farko: shaidar yatsa biyu. Ta biyu ma haka. Ashe ɗanyar tawada ce ta bi ninki ta sauka a gurbin wata jam'iyyar, ƙuri'a ta lalace. Tulin lalatattu ya yi ta tashi har ya kere na masu kyau. Layin da ya gaishe ta da safe ya matso ya kewaye teburin. Sai wani wakili, wanda da hannunta ta koya masa baƙi, ya dube ta ya ce, "Malama, don Allah, wa kike yi wa aiki?" Ta laluba jaka ta zaro littafin bita, wanda ba ta taɓa buɗewa ba. Ga shi nan ɓaro-ɓaro a darasin rana ta uku: a ninke a tsaye, don tawada ta koma kan layinta. Ta ɗaga shi tana nuna wa jama'a, amma ba wanda ya kalli littafin. Ita suke kallo.

Sunan da ta shekara talatin tana tattali, ninki ɗaya ya tafi da shi. Gaskiyar magabata ne da suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.