Ƙasa Mai Laushi

Tun da aka daina hawa katafila, a wani ɗaki mai sanyi Malam Maikano yake tuƙa tasa daga nesa, ita kuwa tana can wani gari da doka ta hana a faɗa wa direba sunansa. Allon gabansa ba ya nuna komai sai farin fili da jan layi. Abu ɗaya aka bar masa: sandar tuƙi tana kawo masa nauyin ƙasa har cikin tafin hannu.

Ran Talata da hantsi hannunsa ya ji abin da bai kwanta masa ba. Ƙasa ta yi tauri, ta yi laushi, ta sake yin tauri. Ya kira Safiyanu, mai kula da aikin.

"Injiniya, wane irin fili ne wannan?"

"Tsohuwar gona ce, Baba. Kunyoyi kake ji," in ji Safiyanu, idonsa na kan waya.

"Shekara talatin ina ture gonaki. Kunya ba ta yankewa bayan taku uku."

"Kai dai bi layinka."

Ya bi layin a hankali, yana aunawa da hannu. Wuraren masu laushi a jere suke, tsawonsu kusan ɗaya, tsawon mutum a kwance, duk sun miƙe kudu da arewa. Can sai ya hau wani gajere, bai fi kamu biyu ba.

Maikano ya saki sandar. Ya dubi farin allon, ya ce a hankali, "Assalamu alaikum."

Safiyanu na tsaye a bayansa. Bai tambaye shi da wa yake ba.