Mota Mai Kujera Biyu

Armel ya yaye tampol ɗin da ya rufe motar da shi, ya koma gefe yana goge hannu a wando, ko da yake babu abin gogewa.

Ƙaramar motar zamani ce, amma ya yi mata jikin kwano mai layi-layi, da manyan fitilu, da fenti ruwan toka. Ta fito sak tsohuwar motar da shi da marigayi amininsa Gildas suke kai burodi ƙauyukan bakin teku da ita.

Nolwenn, matar da Gildas ya bari, ta shafa wata lotsawa a ƙofar.

"Har wannan ka yi?"

"Da guduma. Daidai inda kika ƙuma waccan da katangar coci."

Ta yi dariya, idonta ya ciko. "Ka tsufa ba ka daina shirme ba."

Dariyar ce ta ba shi ƙarfin hali. "Nolwenn, ki aure ni. Mu sake bin hanyar nan, ni da ke."

Maimakon amsa, sai ta buɗe ƙofa ta leƙa. Kujera biyu ce kacal. Ta daɗe tana kallonsu.

"Waccan benci ne da ita. Mu uku a gaba, ni a tsakiya."

"Na sani. Har yau ina jin kafaɗarki a jikin tawa."

Ta rufe ƙofar a hankali, sannan ta dube shi da tausayin da ya fi zagi ciwo.

"Kwanar hanya ce take jefo ni wajenka, Armel. In hanya ta miƙe, ai ka ga a kafaɗar Gildas nake jingina."