Murfin da Ya Ƙi Nuna Fuska

Gwadabe ya sake tsoma sanfefa a ruwa, ya ci gaba da gurzar murfin injin. Kafaɗarsa ta daɗe da mutuwa.

A Tudun Wada ba mai kiransa Gwadabe, sai dai Madubi. Tun yana saurayi yake goge kayan injin babur da na mota, alminiyam ya fito daga hannunsa yana ɗaukar ido. Ƙa'idarsa ɗaya ce tal: aiki bai gamu ba sai ya leƙa ya ga billen kumatunsa tar a ciki.

To, bana abin ya ƙi. Duk abin da ya goge, sai wata yana ta kwanta a kai, irin ta saman kunu. Shi kuwa ba ya ba da aiki da yana, ko za a mutu. Masu kaya suka gaji da "dawo gobe", suka kwashe suka yi Kwangila wajen masu gogewa da inji. Saura Kato, malamin makaranta, wanda ya kawo murfin tsohon babur ɗin mahaifinsa. Shi ma ya ce in Asabar ta yi bai samu ba, zai bi sahu. Gwadabe ya ƙudurta a ransa, in wannan ma ya tafi, rufe rumfarsa zai yi.

Da yana cewa alminiyam ɗin zamani ne, gwangwani. Wannan kuwa tsohon ƙarfe ne na gaske, ba bakin magana. Ya canza sanfefa, ya canza man gogewa, ya yi wa mai shagon da ya sayar masa da su tas. Ya fito da bencinsa bakin titi, wai rumfar ta cika duhu kwanan nan. Mai shayi ya miƙo masa kofi, hannunsa ya kauce, ya ce gajiya ce. Kuma ya gaji ɗin, har cikin ransa.

Ranar Asabar matarsa Ishatu ta kawo masa abinci da kanta, tunda ya daina komawa gida cin na rana. Ta tarar da shi a duƙe, yatsu duk sun yi baƙi.

"Malam, ka bar ƙarfen nan haka mana. Huda shi za ka yi?"

"Hannu ne ya tafi, Ishatu." Ya miƙa mata murfin. "Dubi yanar nan. Ko billena ba na gani."

Ta karɓa ta leƙa. Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta share kwallin da ya zarce gefen idonta da ɗan yatsa. Sai kuma ta tsaya cak.

Ta ajiye murfin a hankali. Ta kama haɓarsa a gaban jama'a, abin da ba ta taɓa yi ba, ta juya fuskarsa wajen hasken rana, ta daɗe tana kallo.

"Malam," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "yanar ba a kan ƙarfen take ba. A idonka take."