Wa Zai Riƙe Isiyaku?

Ina yarinya a Ɗanzomo, wani mutum ya zo daga Kano da la'asar, ya ce ƙungiyarsu ta ƙwallo za ta ɗauki yayana Isiyaku ta rene shi. Ya ajiye takalmi mai haƙora a gaban babanmu.

Baba ya jujjuya takalmin, ya ce, "Wace mata ce za ta riƙe shi? Mu san danginta."

"Babu mata, Malam. Koci ne."

"Namiji ya yi riƙo?" Baba ya mayar wa mutumin takalminsa. Isiyaku ya sha kuka.

Yau ga jikana a gidan renon 'yan ƙwallo na irin wannan ƙungiyar. Na tambaye shi wa ke riƙonsa, ya jero mini maza zalla. Ni dai har yau ban gane ba: in zazzaɓi ya kama yaro, wa zai zauna a kansa?