Ƙunshin Ango a Hannun Mai Wanki

Kana mamakin yadda mai camfi ke yin watsi da ƙa'idarsa rana ɗaya? To saurara. A wani ƙauye na Indiya an yi wani masaƙi, mabiyin addinin Hindu. A kalandarsu kowace rana tana da sa'a mai albarka, da kuma muguwar sa'ar da ba a fara komai a cikinta. Mutumin nan kuwa ko aski ba ya yi sai ya duba. Aka sa masa ranar aure a garin da ke gaba, aka yanke lokacin ɗaurawa, wanda in ya kuɓuce sai bayan damina. Murna kamar ya tashi sama! Sai dai fitarsa ta faɗo cikin muguwar sa'a. Da ma suna da dabara: ka kai kayanka gidan maƙwabci tun da sassafe, shi ke nan tafiya ta riga ta fara. Gogan naka ya ƙulle kayan angonci a tsohon zane, har da sarƙar da zai ɗaura wa amarya a wuya, wadda in babu ita babu aure, ya ajiye a ƙofar maƙwabci.

Ashe matar gidan ta ga ƙullin tsohon zane, ta ɗauka wanki ne, ta miƙa wa mai wanki, ya yi kogi da shi. Da ango ya zo ɗauka ya ji haka, hankalinsa ya tashi. Maƙwabci ya riƙe shi: "Dakata, zuwa kogi sabuwar tafiya ce, sa'ar ba ta wuce ba!" Ya fizge hannunsa: "Ta same ni a can!" Kai, ka ga gudu! Ya keta gonakin shinkafa, takalmi ya maƙale a taɓo bai waiwaya ba. Ya tarar mai wanki ya ɗaga rigar sama zai maka ta a dutse, ya cafke. Sarƙa na nan cikin aljihu! Haka ya isa garin amarya, riga sharkaf, ƙafa duk laka, yana haki yana dariya, ya ɗaura mata sarƙar kafin lokaci ya kuɓuce, ganguna na tashi.

Ai Bahaushe ya gama magana: abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi.