Azahar a Kan Dutse

"Ɗaga ƙafa, malama!" Safwan ya daka wa Zinatu tsawa, suna hawan dutse cikin sanyin kaka. Kusan wata uku da ya yi mata saki ɗaya, ya kuma ƙudura sai ta jigata a weekend ɗin nan kafin ya mayar da ita.

A can sama ya yi Azahar, ita tana zaune tana kallon tumaki.

"Har sallar ma kin yar?"

Ta ci gaba da kallon tumakin.

Da yamma, a wani gidan abinci a unguwar Levenshulme, ya ture farantinsa, ya gyara zama. "To, na haƙura. Na mayar da ke."

Zinatu ta goge bakinta. "Ka makara. Me kake tsammani ya hana ni sallah ɗazu? Iddata ta cika tun a kan dutse."