Ku Yi Ta Masa Magana

"Ku yi ta masa magana," in ji likita, idonta a kan na'urar da ke zana motsin ƙwaƙwalwar Baba. Tun bayan tiyata bai farka ba.

Mama ta yi ta kiran "Malam" har muryarta ta dushe. Ni na kasa zama, sai kai-komo nake tsakanin gado da ƙofa. Layin na'urar bai sauya ba.

Wayar Yaya ta yi ƙara. Ya rage murya: "Kawu, ka rasa abin hawa? Ɗauko motar Baba mana, ai ka fara koyon tuƙi."

Layin ya yi tsalle. Yatsun Baba suka damƙe rigar Yaya.

Likita ta miƙe zumbur. "Maimaita! Ce masa har ya hau titi!"